A-Kori-Kura Mai Lantarki: Wace Kwalliya Ce Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Tun zamanin da kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kaduna cikin 1975, al'adar mai sayen sabuwar a-kori-kura ba ta sake ba. Kafin ya kai ta gida a yi masa barka, sai ya biya wurin mai walda. A kafa mata ƙarafa a goshi don gudun karo da dabba, a ɗaga bodi domin buhuna su sami wurin zama, a jera fitilu a bisa, sa'an nan mai fenti ya rubuta abin da ya sawwaƙa a baya. Mutanen Amurka, waɗanda a-kori-kura ta zame wa abin hawa na yau da kullum, su ma haka suke, har sun ɗara. Kowace shekara a birnin Las Vegas akan yi wani gagarumin baje-koli mai suna SEMA, wanda yawancin abin da ake nunawa a cikinsa kayan ƙari ne na motoci.

To, yanzu ga wata irin a-kori-kura ta fito wadda wannan al'ada ke iya cuta, watau mai tafiya da batir. Kamfanin Rivian ne ya fara miƙa tasa, R1T, ga masu saye cikin 2021. Ford ya biyo baya da F-150 Lightning a 2022, Tesla kuma ya fito da Cybertruck a ƙarshen Nuwamba na 2023. A watan Disamba na 2025 Ford ya ba da sanarwar daina ƙera Lightning mai batir zalla, amma waɗanda aka riga aka sayar suna nan bisa titi. Sanin kowa ne kuma motar da Amurka ta gama yayinta takan biyo jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 jama'a ke kasa kunne ga duk abin hawan da ba ya shan mai.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne ƙanƙantar guzurin da wannan mota ke tafiya da shi. Babban batirin Lightning yana ɗaukar kilowat-awa 131. In aka auna da ƙarfin da ke cikin man fetur, bai wuce na lita 15 ba, alhali kuwa tankin 'yar'uwarta mai inji yana cin lita 87 zuwa 136. Da wannan ɗan guzuri take yin kilomita 515, saboda injin lantarki ba ya ɓarna, shi kuwa injin fetur yawancin abin da ya sha zafi yake komawa. Ashe ke nan duk abin da aka ɗora wa mai batir, nan take ake ganin alamarsa a nisan tafiya. Mai fetur in ya ga allura ta faɗi, minti biyar ya ishe shi a gidan mai. Mai batir kuwa ko ya dace da na'urar caji mai sauri, sai ya zauna wajen minti 40, in kuma babu na'urar a kusa, to, ya kwana a daji da mota sabuwa ful.

Babbar abokiyar gabar batir ita ce iska. Ƙa'idar a nan ba ta da wuya: in gudun mota ya ninka biyu, turjiyar iska takan ninka huɗu. Saboda haka kwandon kaya na bisa rufi, da jerin fitilu a saman gilashi, da tantin kwana da Amurkawa ke ɗaurawa a can ƙoli, ba su cika nuna halinsu cikin gari ba, sai an hau doguwar hanya an taka. Masu ƙera motar sun ɓata shekaru suna goge kowane lungu domin iska ta zame ta wuce, sai mai ita ya zo ya kafa mata katanga a ka cikin yini ɗaya. Shawara ita ce duk abin da za a ɗora a bodi kada tsawonsa ya wuce rufin gidan direba, kuma a zaɓi sanduna masu kwancewa, a cire su ranar da babu aikinsu. Kafin ma a kai ga nan, ya kamata mutum ya leƙa wuraren ajiyar da aka riga aka yi masa. Da yake babu inji a gaba, ƙarƙashin bonet ɗin Lightning akwati ne mai cin lita 400, ita kuwa R1T tana da wani rami mai ƙofa ta kowane gefe, tsakanin gidan direba da bodi.

Murfin bodi yana cikin 'yan kayan da suka cancanci kuɗinsu. Yana tsare kaya daga ruwa da ƙura da hannun ɓarawo, yana kuma ɗan sassauta wa iska hanya, ko da yake 'yan kasuwa kan zuzuta wannan fiye da kima. (Masu tafiya da ƙofar baya a kwance wai don iska ta wuce, wahala kawai suke yi, rufe ta ya fi.) Sai dai mai naɗewa da hannu ya fi mai maɓalli kwanciyar rai. Rivian kansa ya dakatar da sayar da murfinsa mai aiki da lantarki cikin 2022 saboda yawan sarƙewa, har sai da aka sake masa fasali. Abin da ya sarƙe a titin Amurka, ina ga inda ake hunturu da yashi?

Sai maganar taya, inda yawancin samari ke faɗawa. Taya mai manyan haƙora tana ba mota kwarjini, babu musu. Amma lokacin da R1T ta fito, an auna mata kilomita 505 da tayar titi mai inci 21, kamfanin kuma ya faɗa da bakinsa cewa wanda ya zaɓi tayar daji mai inci 20 zai yi hasarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wannan kilomita 50 ne zuwa 75 a kowane caji, watau ya kusa nisan Kaduna da Zariya. Manomi ko ɗan kwangila mai shiga laka da burji yana da hujja. Wanda tafiyarsa daga gida ce zuwa ofis kuwa ya sayi hasara ne da kuɗinsa. In aka haɗa da ɗaga mota sama, iska ta sami hanyar shiga ƙarƙashinta, hasarar sai ta ƙaru. Kowace taya aka zaɓa, tilas a duba lambar nauyin da take iya ɗauka, gama waɗannan motoci ba su da sauƙi. Lightning tana kusan tan 3 ba kaya, Hummer mai batir ta kamfanin GMC kuwa ta haura tan 4.

A jikin ƙofar direba akwai wata 'yar takarda da ke faɗin iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. A Lightning iyakar ba ta wuce wajen kilo 1,000 ba, mai babban batir ma ba ta kai haka ba, kuma direba da fasinjoji duk suna cikin lissafin. Kowace bamba ta ƙarfe, kowane keji, daga cikin wannan kason ake cire shi. Wanda ya kafa ƙarafan kilo 200 ya sauke buhu biyu na masara ke nan tun bai yi lodi ba.

Ƙarfen goshi shi ne ya fi kome bukatar tunani, domin a nan ba maganar kuɗi kaɗai ake yi ba. Goshin motar zamani an yi shi ne ya lotsa in an yi karo, ya shanye bugun, na'ura ta ji, ta busa jakar iska a kan kari. Ƙarfe mai tauri yana iya rikita wannan lissafi, yana kuma iya tare kyamara da na'urorin da ke hango abin da ke gaba su taka birki da kansu. Mai tafiya a ƙasa ko ɗan acaɓa da mota mai tan 3 ta buga da irin wannan ƙarfe, Allah kaɗai ke fid da shi. Dalilin haka ne gwamnatin Indiya ta umurci jihohinta su hana sa shi a watan Disamba na 2017. Ga Lightning ma akwai ƙarin cikas: murfin akwatin gaba yana tashi ne tare da fuskar motar, ƙarfen da ba a auna ba sai ya hana shi buɗuwa.

Mai walda kuwa, da duk mai riƙe da abin huda ƙarfe, a yi musu gargaɗi da babbar murya. Batirin yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin motar, daidai inda aka saba hudawa a ɗaura matakalar gefe. Wayoyin da aka yi wa launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400, a waɗansu motocin har 800, kuma taɓa su ba ya ba da damar tuba. Matakala da makarin laka sai waɗanda aka yi domin motar, masu shiga ramukan kusoshin da kamfani ya bari. Bugu da ƙari, jikin F-150 tun daga samfurin 2015 na alminiyam ne, ba ya karɓar waldar baƙin ƙarfe, kuma in aka ɗaure su tare ba shamaki, ruwa ya shiga tsakani, alminiyam ɗin ne zai riƙa cinyewa. Jikin Cybertruck kuwa ƙarfe ne marar tsatsa wanda ba a yi wa fenti, masu son launi sai su liƙa masa leda.

Kada a ɗauka kayan kamfani ba su da aibi. A watan Oktoba na 2025 Tesla ya kira Cybertruck sama da 6,000 a dawo da su, saboda dogon fitilar da ake manna musu a saman gilashi tana iya ɓallewa ana cikin gudu ta faɗa wa na baya. Bambancin shi ne kayan kamfani in sun ɓaci akwai wanda za a kama. Ford ya ba da lamunin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batirin Lightning, kuma wata dokar Amurka ta 1975 mai suna Magnuson-Moss ta hana kamfani soke lamuni don kawai an sa kayan wani, sai in kayan ne suka jawo ɓarnar. Amma dokar ta Amurka ce, ba ta shiga jirgin ruwa tare da motar. Wanda ya sauke ta a Apapa ya kai ta aka huda masa batir, daga aljihunsa za a yi odar wani.