Wa Ya Ba Da Iznin Allurar?

Jama'a, duk mai cin kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu ya taɓa ganin irin wannan. Hankalin mutum ya gushe, ya zari wuƙar mahauci, a taru a danne shi, a ɗaure, a miƙa wa 'yan sanda ko a kai asibiti. Can a soka masa allura ya yi laƙwas. To, wa ya ba da iznin allurar? Shi dai ba a tambaye shi ba, ko an tambaya ma ba ya cikin halin amsawa.

Kada a ji mu a karkace. Wanda ke shirin hallaka kansa ko wani, a yi masa magani nan take, ba sai an jira yardarsa ba. Abin da muke cewa shi ne, wannan iko na likita ne, ba na ɗan sanda ba, ba na gandiroba ba, balle ɗan'uwa mai kwaɗayin gonar gado.

Turawa suka kafa dokar mahaukata a 1916, aka sabunta ta a 1958. Ta ba likita ikon tsare mutum kwana 7 yana dubawa, majistare kuma ya ba da takardar kulle shi. Dokar tsarewa ce kurum, ba ruwanta da warkarwa. Da ita aka yi ta zuba marasa lafiya gidan yari, ba su saci ko allurar kowa ba. Gidajen mari kuwa, ai mun ji abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Daura ma haka.

Sai a farkon 2023 aka sanar Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka. Ta hana mari, ta ce a nemi yardar majiyyaci, tilas kuwa sai da sharaɗi, ga kwamitin da za a kai wa kuka. Madalla. Amma talakan Gwaram wa ya karanta masa? Akwai asibitin tarayya a Birnin Kudu, amma asibitin masu taɓin hankali na jiha yana Kazaure, can wani ƙarshen Jigawa. Wanda ba shi da kuɗin mota sai ya koma ga turu.

Saboda haka muna neman duk allurar da aka yi wa tsararre ba da yardarsa ba, a rubuta ta: sunan likita, dalili, da sa'a. A sanar da danginsa ran nan. Haɗari na wucewa, iko ya ƙare, a koma tambayarsa kamar kowane ɗa. Wakilanmu da ke Majalisar Dutse, in sun zo gida, ku tare su ku tambaya: wannan doka tana aiki a asibitocin jiha da ofisoshin 'yan sandanmu, ko kuwa tana Abuja?