Bindigar Gwamnati Amana Ce

Ranar 1 ga watan Fabrairu, 2002, ƙananan 'yan sandan ƙasar nan suka yi abin da ba a taɓa gani ba a tarihin rundunarsu, wato suka shiga yajin aiki saboda rashin biyan albashi da alawus a kan kari, da kuma daɗewa a muƙami ɗaya babu ƙarin girma. Gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta kira wannan mataki tawaye, ta fito da soja su tsare muhimman wurare. Wata guda bayan haka aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith, aka ɗora Tafa Balogun, wanda shi kuma a 2005 kotu ta ɗaure shi wata shida kan almundahanar kuɗi.

Mun tuno da wannan labari ne domin har yau ba a ɗauki darasin da ke cikinsa ba. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1973 ta haramta wa ɗan sanda shiga ƙungiya. Saboda haka kurtu ko kofur da aka danne wa hakkinsa ba shi da wurin kai kuka sai gun na gaba da shi, wanda sau da yawa shi ne ya danne hakkin. To, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da aka rufe wa baki a bariki, aka kuma miƙa masa bindiga aka tura shi bakin hanya, a kan talaka zai huce haushinsa.

Jama'ar ƙasar nan sun daɗe suna ɗanɗana wannan. A watan Afrilu, 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori, kusa da Talata Mafara, waɗanda ke neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya cinye. A watan Mayu, 1986, aka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A watan Yuni, 2005, aka kashe matasa shida a Abuja, waɗanda aka fi sani da mutum shida na Apo, ba a kuwa yanke hukunci a wannan shari'a ba sai a 2017, bayan shekara goma sha biyu. A watan Oktoba, 2020, matasa suka cika titunan Ikko da sauran birane har gwamnati ta rushe sashen SARS ranar 11 ga watan.

Tsarin mulki na 1999 ya tanadi masu sa ido. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce a duk faɗin tarayya. Akwai Majalisar 'Yan Sanda, wadda Shugaban Ƙasa ke shugabanta, gwamnonin jihohi duka kuma mambobinta ne. Akwai kuma Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, mai ikon ɗauka da ƙarin girma da ladabtar da kowane ɗan sanda, in ban da Sufeto Janar. A nan matsalar take. Shugaban Ƙasa ke naɗa Sufeto Janar, hukumar ba ta da ikon taɓa shi, majalisar kuwa an fi jin ɗuriyarta ranar da za a tabbatar da sabon naɗi.

Masu cewa a bai wa kowace jiha 'yan sandanta suna da hujja, amma dattawan Arewa ba su manta da yadda aka yi amfani da 'Yan Dokan En'e wajen muzguna wa 'yan adawa a Jamhuriya ta Farko ba. Duk wanda za a miƙa wa bindiga, a fara da shirya wanda zai tuhume shi.

Mu a namu ra'ayin, abu uku ya kamata a yi. Na farko, a ba ƙananan 'yan sanda damar kafa ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsu ba tare da yajin aiki ba, kamar yadda Ingila ta yi a 1919 bayan yajin aikin nata 'yan sandan. Na biyu, Majalisar 'Yan Sanda ta riƙa zama a kai a kai, tana sanar da jama'a abin da ta zartar. Na uku, duk harsashin da ya ɗauki rai, a binciki yadda aka harba shi a gaban alƙali, a bainar jama'a, cikin wa'adin da doka za ta ƙayyade.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da harajin talaka aka sayi bindigar nan, saboda haka yana da hakkin ya san wanda ya ba da umurnin harba ta. Muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya da su ɗauki wannan batu da gaske. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.