Nasiha Ga Masu Ɗauke Rumfar Zaɓe

 Ya ku malamai da almajirai, ku sani wanda ya ce ruwan rijiya na kowa ne, sa'an nan ya ɗauke guga ya kai bayan gari, haƙiƙa ya hana ruwa, ko da bakinsa bai furta hani ba. Haka al'amarin rumfar zaɓe yake in hukuma ta ɗauke ta daga inda talakawa suke iya kaiwa.

Ga misali daga ƙasar Amurka, inda galibi hukumomin gunduma ne ke tsayar da wuraren ƙuri'a. A shekarar 2018, a garin Dodge City na jihar Kansas, rumfa ɗaya tak ce ga masu ƙuri'a wajen 13,000. Sai gunduma ta ɗauke ta ta kai wajen gari, da uzurin za a yi aikin gini kusa da tsohon wuri, alhali sabon wurin ya fi mil guda daga inda motar jama'a ke tsayawa. Aka kai ƙara, alƙali ya ce zaɓe ya yi kusa, sāke wuri zai ƙara ruɗani. Sai a 2019 aka buɗe musu rumfa biyu.

A cikin 2018 ɗin dai, a gundumar Randolph ta jihar Jojiya, inda galibin mutane baƙar fata ne, aka kawo shawarar rufe rumfa 7 daga cikin 9. Amma da yake maganar ta fito fili tun ba a zartar ba, jama'a suka taru suka ƙi, hukuma ta janye. To, ku dubi bambanci: can labari ya iske mutane bayan an yanke, nan kuwa ya iske su tun ana shawara.

Ban ce ɗauke rumfa haramun ne ba. A nan Nijeriya, inda hukumar zaɓe ta ƙasa ke da wannan iko, ta ƙara rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846 a 2021, ta kuma fitar da 749 daga wuraren da ba su dace ba, ciki har da masallatai da majami'u da fadoji da gidajen mutane. Wannan daidai ne, domin ba ya kamata talaka ya jefa ƙuri'a a zauren wanda yake tsoro. Sai dai gyara yana da sharuɗɗa.

Na farko, a yi shawara da mutanen wuri kafin a yanke. Na biyu, a yi shela da wuri, da harshen da suke ji, a kasuwa da masallaci da bakin mai unguwa, domin takardar da aka liƙa a ofis ba shela ba ce ga wanda bai iya karanta ta ba. Na uku, a auna nisa da ƙafar tsohuwa da sandar makaho, ba da motar ma'aikaci ba. Na huɗu, kada a ɗauke rumfa dab da zaɓe sai bisa larura, in kuwa an yi, a tsayar da mutum a tsohon wuri ya riƙa nuna hanya.

Hujjata ita ce ƙa'idar da muka karanta a usulu, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Ƙuri'a shaida ce, wanda ya kira shaidu kuwa lalle ne ya buɗe musu ƙofa.

Ku malamai, ku tambayi hukuma inda rumfar unguwarku take tun zaɓe bai zo ba. Ku almajirai, ku duba wa tsofaffi sunayensu, ranar zaɓe ku riƙe musu hannu. Allah ya sa mu dace. Wassalamu.