Marayun Afirka A Fina-Finan Turawa: Abin Da Kyamara Ba Ta Nuna Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, malamanmu da iyayenmu, akwai wani irin fim da na tabbata da yawa daga cikinmu sun taɓa kallo, ko a talabijin, ko a majigi, ko kuwa a waya. Irin fim ɗin nan ne da ake cewa na labarin gaskiya ne, wato an je har inda abin yake an ɗauko. Yakan fara da mota tafe kan hanya mai ƙura. Sai a nuno wani gida, yara sun yi cincirindo a bakin ƙofa ba takalma, suna ɗaga hannu. Sai wata Baturiya ta sauko daga motar, ta ɗauki ƙaramin cikinsu ta rungume, idonta cike da hawaye. Daga nan murya ta ce waɗannan marayu ne, ba su da kowa a duniya. A ƙarshe kuma a rubuta inda za a aika da kuɗi.

Ra'ayina a kan irin waɗannan fina-finai shi ne, yawancinsu rabin labari suke bayarwa, kuma rabin da suke bari shi ne ya fi shafar yaron da aka nuna. Amma kafin in faɗi dalilaina, ya kamata a yaba wa wanda ya cancanci yabo.

Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, hotunan yaran Biyafara masu kumburarren ciki su ne suka tayar da hankalin mutanen Turai da Amurka a 1968. Ƙungiyoyin ikilisiyoyi suka haɗa kai suna jigilar abinci da magani cikin dare, da jiragen sama, daga tsibirin Sao Tome zuwa filin Uli. Haka kuma a ranar 23 ga Oktoba, 1984, gidan talabijin na BBC ya nuna rahoton Michael Buerk daga garin Korem na ƙasar Habasha, wanda wani ɗan Kenya mai suna Mohamed Amin ya ɗauki hotunansa. Wannan rahoto ne ya motsa mawaƙi Bob Geldof, har aka yi babban taron waƙa na Live Aid a Landan da Filadelfiya ranar 13 ga Yuli, 1985, aka tara miliyoyin kuɗi domin masu fama da yunwa. Babu shakka an ceci rayuka. Gani ya kori ji, kuma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

To, amma ko a nan akwai abin lura. A cikin hotunan da aka nuna a taron Live Aid akwai wata yarinya, Birhan Woldu, wadda aka ɗauka tana bakin mutuwa. Ta rayu, ta yi karatu, har ta hau dandalin taron Live 8 a Landan a 2005. Duniya ta riƙe fuskarta, ta riƙe sunayen mawaƙan da suka yi taron. Mutane kaɗan ne suka tambayi wanda ya ɗauko ta ya kai ta wurin masu agaji, ya kuma ci gaba da renonta bayan baƙi sun koma gida. Mahaifinta ne.

Wannan ya kawo mu ga kalmar nan, maraya. Mu a nan, idan yaro ya rasa uba ko uwa mukan ce maraya ne, amma kowa ya san ba a nufin ya rasa kowa. Akwai baffa, akwai kawu, akwai gwaggo da inna, akwai kaka. Bature kuwa in ya ji an ce maraya, abin da yakan zo masa a rai shi ne yaron da ya rasa iyaye duka biyu, ba shi da inda za shi. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya ƙiyasta cewa a 2015 akwai marayu kusan miliyan 140 a duniya, miliyan 52 daga cikinsu a Afirka. Amma a duk duniya, kimanin miliyan 15 ne kawai suka rasa uwa da uba gaba ɗaya. Sauran suna da ɗaya a raye. Har ila yau, a 2009 ƙungiyar Save the Children ta bayyana cewa aƙalla yara huɗu cikin biyar da ke zaune a gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye.

To me ya kai su can? Galibi talauci ne. Gwauruwar da ba ta iya biyan kuɗin makaranta, in ta ji akwai gidan da ake ba yara abinci sau uku a rana, da kayan makaranta da magani, za ta kai ɗanta tana kuka. Wannan uwar ce ba a cika nunawa a fim ba, domin in aka nuna ta, mai kallo zai tambaya: me ya sa ba a taimake ta ba ɗanta ya zauna a gabanta?

Ga misalai uku. A 2008 mawaƙiyar Amurka, Madonna, ta fitar da fim mai suna I Am Because We Are, a kan yaran ƙasar Malawi da cutar ƙanjamau ta kashe wa iyaye. Fim ɗin ya jawo hankalin duniya ga wata masifa ta gaske. Amma yaron da ita kanta ta ɗauka daga wani gidan marayu na ƙasar a 2006, mahaifinsa yana raye. Matarsa ce ta rasu bayan haihuwa, shi kuwa manomi ne marar ƙarfi, shi ya sa ya kai jaririn can.

Na biyu ya fi muni, kuma a maƙwabtanmu ya faru. A watan Oktoba na 2007 aka kama ma'aikatan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a garin Abeche na ƙasar Chadi, suna shirin sa yara 103 a jirgin sama zuwa Faransa, da sunan marayun yaƙin Darfur ne. An ma ɗaure wa wasu yaran bandeji alhali lafiyarsu lau, domin a ce marasa lafiya ake fitarwa. Akwai 'yan jarida tare da su. Da UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira da Red Cross suka bincika, sai aka tarar yawancin yaran suna zaune ne tare da danginsu kafin a ɗauko su. Kotun Chadi ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara 8 da aiki mai tsanani, kafin Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a watan Maris na 2008. Da jirgin ya tashi, da wataƙila labarin ceton marayu muka kalla, muna share hawaye.

Na uku kuwa ya nuna cewa kyamara tana iya faɗin gaskiya duka in mai riƙe da ita ya yi haƙuri. A 2012 wata mai shirya fim 'yar ƙasar Denmark, Katrine Kjær, ta fitar da Mercy Mercy. Ta yi shekaru tana bin wasu miji da mata 'yan Habasha masu ɗauke da cutar ƙanjamau, waɗanda suka ba da 'ya'yansu biyu ga wasu Turawa saboda sun ɗauka mutuwa ta zo. Sai ga shi magani ya riƙe su, sun ci gaba da rayuwa, suna ta jiran labarin 'ya'yansu. Yarinyar kuwa ta kasa sabawa da sabon gidan, har aka kai ta gidan kula da yara na hukuma a can Denmark. Wato yarinya mai uwa da uba a raye ta ƙare a hannun ma'aikata a ƙasar da ba tata ba. A watan Janairu na 2018 majalisar dokokin Habasha ta hana baƙi ɗaukar yaran ƙasar riƙo zuwa waje.

Me ya sa irin wannan yake faruwa, alhali yawancin masu ba da kuɗin mutanen kirki ne? Dalili shi ne, fim ɗin neman taimako don mai bayarwa ake shirya shi, kuma kuɗi yana bin abin da ido ya gani. Gini mai allo a ƙofa da yara hamsin cikin kaya iri ɗaya yana kyau a hoto. Biyan kuɗin makarantar ɗan gwauruwa, ko ba kaka jarin sayar da ƙuli-ƙuli domin ta riƙe jikokinta, ba ya fitowa a hoto. Saboda haka kuɗi ya tafi ga gini, gini kuwa sai an cika shi da yara kafin wani kuɗin ya sake zuwa. Abin ya kai ga a wasu ƙasashe ana bin ƙauyuka ana rarrashin iyaye su ba da 'ya'yansu. A 2018 ƙasar Ostareliya ta amince cewa irin wannan safarar yara zuwa gidajen marayu wani nau'i ne na bautar zamani.

Sai kuma maganar mutunci. Yaron da aka ɗauka tsirara yana kuka, ƙudaje a fuskarsa, ba wanda ya nemi yardarsa. Zai girma, ya shiga makaranta kamar tamu, ya nemi aure, hoton nan kuwa yana nan a intanet. Ku tambayi kanku, ya 'yan'uwa, wane ne cikinmu zai so a nuna shi haka a ranar da ya fi kowace rana wahala a rayuwarsa?

Na san wani zai ce, ku ba ku yi ba, kuna kushe waɗanda suka yi. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Akwai jariran da ake tsinta a yashe, akwai yaran da yaƙi ya raba da kowa nasu, dole a samu inda za a ajiye su har a nemo musu gida. Sa'an nan kada mu yi ta yabon al'adarmu ta riƙo kamar ba ta da aibi. Mun sha cewa ɗa na kowa ne, amma mun san gidajen da 'yar riƙo ta zama baiwa, ita ce ɗebo ruwa, ita ce talla, 'ya'yan gida suna makaranta. Mun san dangin da suka cinye gonar marayu tun ba a share makoki ba. Har ma mun koyi abin da muke zargin Turawa da shi: lokacin Kirsimeti ko Sallah a kai buhun shinkafa gidan marayu, a jera yara a ɗauki hoto a sa a Facebook. In muna so baƙi su daina nuna yaranmu kamar ba su da kowa, sai mu tabbatar suna da mu.

Abin farin ciki shi ne an fara gyara. Tun 2012 ƙasar Ruwanda ta shiga rufe gidajen marayu tana mayar da yara hannun dangi ko masu riƙo da aka tantance. A wannan shekarar ce kuma wata ƙungiyar ɗalibai ta ƙasar Norway ta yi wani ɗan fim na ba'a mai suna Radi-Aid, inda aka nuna 'yan Afirka suna tara na'urorin ɗumama ɗaki domin ceton mutanen Norway daga sanyi, don Turawa su ji yadda abin yake in an san ƙasarka da wahala kaɗai. A watan Disamba na 2019 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira ga ƙasashe su ƙarfafa iyalai maimakon tara yara a gidajen reno. A 2020 kuma ƙungiyar Comic Relief ta Ingila ta sanar cewa ta daina aika fitattun mutane zuwa Afirka su yi mata fim, za ta riƙa ba 'yan ƙasa aikin.

Saboda haka, shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk ranar da kuka zauna kallon irin wannan fim, ku riƙe tambayoyi huɗu. Wane ne ya ɗauki fim ɗin, kuma don wa? Ina uwar yaron ko danginsa, an ba su dama sun yi magana da bakinsu? Wane ne yake dafa wa yaran abinci, yake kwana da su in suna zazzaɓi, an faɗi sunansa? Shekara biyar bayan an kashe kyamara, ina yaron yake? Fim ɗin da ya amsa waɗannan ya cancanci a saurare shi.

Ga iyayenmu da shugabannin ikilisiya kuwa, roƙona shi ne, in baƙi suka zo da niyyar taimako, a karɓe su hannu bibbiyu, amma a fara kai su wurin gwauraye da kakannin da ke riƙon marayu a cikin gida, a ji abin da suke bukata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada kuma a bari a ɗauki hoton yaro a halin da ba za mu yarda a ɗauki namu ba.

Daga ƙarshe, a cikinmu akwai waɗanda za su zama 'yan jarida da masu shirya fim. In Allah ya sa kyamara ta zo hannunku, kuka je ɗaukar maraya, ku ɗan ja da baya kaɗan, domin matar da ke tsaye a gefensa ita ma ta fito a hoton.