Lafiyar Gida: Gwajin Maganin Barin Giya

Masu karatu, idan likitoci suka nemi mutumin da giya ta kama ya shiga gwajin magani, me zai tarar?

Bari mu dubi wani gwaji da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2006. Mashaya 1,383 suka shiga. Sai da kowa ya yi aƙalla kwana 4 bai sha ba kafin a karɓe shi. Aka jefa ƙuri'a: waɗansu suka sami naltrexone, waɗansu acamprosate, waɗansu kuwa ƙwaya marar magani a ciki. Mai haɗiya bai san irin tasa ba, mai ba shi ma bai sani ba, har mako 16.

Naltrexone ya taimaka, gama yakan rage daɗin da mutum ke ji in ya sha. Acamprosate bai nuna amfani ba a wannan karo. Abin mamaki, har masu ƙwayar banza sun rage sha ƙwarai. A ganina, zuwa gun ma'aikacin lafiya a kai a kai, a tambaye ka, ka faɗi gaskiya, shi ma magani ne.

Uwargida, in maigidanki zai shiga irin wannan, ki raka shi. A karanta muku takardar yarda kafin ya sa hannu; yana da ikon fita duk ran da ya so. Ku gaya wa likita in yana shan tramadol ko kodin, gama naltrexone ba ya jituwa da su. Kada kuma ya yanke giya dare ɗaya a gida, domin mai sha kullum yana iya faɗuwa yana jijjiga.