An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Filayen Ƙwallonmu

Duk lokacin da aka tashi wasa baram-baram a gasar Firimiya ta Najeriya, ba sai an jira sanarwar hukumar gasar ba kafin a san hukuncin da zai biyo baya. Za a ci ƙungiya tarar miliyoyin naira, a zabtare mata maki uku, a rufe filinta, a tura ta wani gari ta ƙarasa wasanninta na gida. Shi kuwa wanda ya tsallake shinge ya kai wa alƙalin wasa naushi, da wanda ya ɗauki dutse ya farfasa gilashin motar baƙi, galibi sukan kwana a gidajensu lafiya lau, gari ya waye su zauna a majalisa suna ba da labarin bajintarsu. Wannan tsarin hukunci nake son mu auna a wannan mako, domin ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Mu fara da Kano Pillars, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A watan Afrilun 2022 wasu magoya bayanta suka ragargaza motar 'yan wasan Katsina United a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Aka ci ta tara, aka cire mata maki uku, aka mayar da wasanninta na gida Abuja. A ƙarshen kakar nan Masu Gida suka faɗa ƙaramar gasa. Mai hankali zai zaci wannan faɗuwa ta isa darasi, amma a watan Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, jama'a suka sake kwarara cikin filin suka far wa alƙalan wasa. Aka sake cin tara, aka sake cire maki, aka tura ƙungiyar Katsina. Maganin da aka sha shekara uku da suka wuce shi aka sake ɗebowa, alhali ciwon yana nan.

Kada wani ya ɗauka halin Kanawa ne kawai. Ranar 29 ga Maris 2022, da Gana ta hana Najeriya zuwa gasar kofin duniya a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, 'yan kallo sun afka cikin fili sun yi ta ɓarna a gaban kyamarorin duniya. FIFA ta ci hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya tara, ta kuma umarci a buga wasa ɗaya ba 'yan kallo. Fuskokin masu ɓarnar sun fito ƙuru-ƙuru a talabijin da wayoyin mutane, amma hukuncin da kowa ke tunawa shi ne wanda ya hau kan ƙasa baki ɗaya.

To, wa ke biyan kuɗin wannan hukunci? Mafi yawan ƙungiyoyin gasarmu mallakar gwamnatocin jihohi ne, saboda haka tarar daga baitulmali take fitowa, wato daga aljihun talakan da watakila bai taɓa leƙa filin wasa ba. Kuɗin motar zuwa wani gari da na masauki su ma daga can suke. Bayan baitulmali sai mai rake da mai tsire da yarinya mai gyaɗa da ɗan adaidaita sahu, waɗanda ranar wasa ce ranar kasuwarsu. Sai kuma dubban mutanen da suka sayi tikiti, suka zauna, suka ji zafin ƙwallon da aka zura musu, suka haɗiye, suka koma gida. Mun taso an koya mana cewa laifin wani ba ya hawa kan wani, amma a harkar ƙwallo mun mayar da akasin haka doka.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Sukan ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙungiyar gida ce ke da alhakin tsaro ranar wasa, ita ke ɗaukar masu tsaron ƙofa, kuma jami'anta sun san shugabannin magoya baya da sunayensu da unguwanninsu. An daɗe ana kokawa da aƙidar nan ta dole a ci wasan gida ko ta halin ƙaƙa, aƙidar da ke sa wasu jami'ai su kau da kai idan ana razana alƙalin wasa, tunda razanar takan yi musu rana. Ƙungiyar da ta yi sakaci irin wannan ta cancanci cire maki, ban ja ba. Inda na rabu da su shi ne a tsaya nan. Takardar hukunci takan ƙunshi umarnin a zaƙulo masu laifi a gurfanar da su, sai dai da wuya ka sake jin ɗuriyar wannan sashe bayan an biya tara.

Ingila ta bi ta wannan hanya kafin mu, kuma abin da ya same ta ya isa a yi nazari. Ranar 29 ga Mayu 1985, a filin wasa na Heysel da ke Brussels ta ƙasar Beljiyam, magoya bayan Liverpool suka yi kukan kura kan ɓangaren da magoya bayan Juventus suka cika, mutane suka ruga suka matse a jikin katanga, katangar ta rufta, mutum 39 suka mutu. Hukumar ƙwallon Turai ta kori ƙungiyoyin Ingila duka daga gasanninta, korar da ta ɗauki shekara biyar, Liverpool kuma shida. Everton, wadda ita ce zakarar Ingila a shekarar, ta rasa damar shiga gasar zakarun Turai a kan laifin da ba ta ji ba ta gani ba.

Ana cikin shekarun korar nan ne, ranar 15 ga Afrilu 1989, turmutsitsin Hillsborough ya auku a birnin Sheffield, inda adadin waɗanda suka rasu ya kai 97. Shekara da shekaru ana ɗora laifin kan 'yan kallo, sai a 2016 bincike ya wanke su, ya tabbatar da cewa gazawar 'yan sanda ce ta jawo. An danne mutane har lahira a jikin shingen ƙarfen da aka kafa don tsare su kamar dabbobi. Bayan rahoton Mai Shari'a Taylor na 1990 aka cire shingayen, aka wajabta kujeru a filayen manyan ƙungiyoyi. A gefe guda kuma aka ƙarfafa dokar da ta ba kotu ikon haramta wa mutum, shi kaɗai da sunansa, shiga kowane filin wasa na tsawon shekara uku zuwa goma, tare da tilasta masa miƙa fasfonsa ga 'yan sanda idan ana gasa a ƙasar waje. Rikici bai ƙare kwata-kwata ba, amma filayen da a da ake tsoro sun zama wurin da uba ke kai 'ya'yansa.

Ƙasashen da suka tsaya ga hana jama'a shiga fili ba su ga irin wannan sauyi ba. Bayan kisan mutum 74 a Port Said ta Masar a watan Fabrairun 2012, an koma buga gasar ƙasar ba 'yan kallo. Da aka gwada buɗe ƙofa a watan Fabrairun 2015, a wasan Zamalek a Alƙahira, kimanin mutum 20 suka mutu a bakin shiga, cikin cunkoso da barkonon tsohuwa. Shekara uku filaye na rufe, ba wanda ya koyi yadda ake shigar da taro lafiya. A Indunusiya, ranar 1 ga Oktoba 2022, an riga an hana magoya bayan baƙi zuwa filin Kanjuruhan, duk da haka mutum 135 suka halaka bayan 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo. Mu a Afirka ta Yamma muna da namu tabon: ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko a Accra, hayaƙi da rufaffun ƙofofi suka ci rayuka 126. Dokokin FIFA na tsaron filin wasa sun hana amfani da wannan hayaƙi wajen tarwatsa 'yan kallo, amma har yanzu shi ne abin da jami'an tsaronmu ke saurin rarumowa idan fili ya rikice. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Jifa da leda ko gora kan fasa goshi, abin da ke cika makabarta kuwa shi ne firgitaccen taro da ƙuntatacciyar ƙofa.

Abin da nake kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. A daina sayar da tikiti fiye da adadin kujeru, a daina buɗe ƙofa kyauta don a burge jama'a a manyan wasanni. A kafa kyamarori masu fuskantar wuraren zama, tunda kuɗinsu bai kai tarar da ake biya ba. Duk wanda hoto ya nuna ya daki alƙali ko ɗan wasa, a kai shi kotun majistare kamar yadda za a kai wanda ya yi duka a kasuwa, domin dokar da ta haramta raunata mutum ba ta tsaya a ƙofar filin wasa ba. Majalisun dokokin jihohin da ke da ƙungiyoyi su ba kotu ikon hana mai laifi shiga fili na wasu shekaru, a liƙa hotonsa a bakin kowace ƙofa. Jami'in ƙungiyar da aka samu da hannu ya biya tara daga aljihunsa, kada a rufe masa asiri da kuɗin gwamnati. A horar da masu kula da taro na musamman, a tabbatar kowace ƙofar fita a buɗe take tun kafin busa ta ƙarshe. Hukumar gasar ita ma ta riƙa bayyana hukuncin da ta yi wa alƙalin da ya yi son kai, domin mai kallon da ya yarda akwai inda za a bi masa kadi ba ya saurin ɗaukar doka a hannunsa.

Ku kuma 'yan'uwana magoya baya, musamman shugabannin ƙungiyoyinku, kun fi kyamara sanin masu wannan aika-aika. Tare kuke zuwa, tare kuke komawa. Duk ranar da kuka rufa wa mai jifa asiri don ɗan unguwarku ne, ku kuka sa hannu a takardar da za ta kai ƙungiyarku wani gari, ta bar ku kuna bin sakamako a waya. Wanda ya jawo wa ƙungiyarsa asarar maki uku ya yi mata illar da abokin hamayya sai ya yi gumin minti casa'in kafin ya yi.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa da rai da lafiya.