Daga Bakin Binuwai: Wa Zai Yi Mata Goyon Ciki a Garwa?

Yau maganata da mu maza ce, mu da muke ɗaure kaya mu nufi Mubi ko Marwa ko Ngaundere, mu yi mako biyu ko uku, mu bar mace da tsohon ciki a gida.

A ƙasar Hausa, idan cikin fari ya kai kamar wata bakwai, mace kan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Can ba ta daka, ba ta jan ruwa, tsohuwa na kusa tana yi mata tausa. Mu da fatauci ya kawo Garwa, iyayen suna Kano ko Katsina ko Damagaram. Al'adar ta tsaya can, ciwon bayan kuwa ya biyo matanmu har nan.

Ciwon nan ba raki ba ne. Jikin mai ciki yana sassauta jijiyoyin da ke riƙe da ƙugu don jariri ya samu hanya, ga nauyi yana rinjayar ta gaba. Shi ya sa baya ke ciwo, kwatangwalo na sara, sharaɓa na ɗaurewa cikin dare. Mu kuwa abin da muka saba shi ne a aiki yaro wurin mai tallan magani ya sayo diclofenac ko tramol. Waɗannan ba na mai ciki ba ne. Diclofenac da ibuprofen na iya taɓa ƙodar jariri, musamman in ciki ya wuce rabi. Tramol kuwa, kowa a garin nan ya ga yadda ya yi da samari.

A shawarwarinta na awon ciki na 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce motsa jiki a kai a kai yana kare mai ciki daga ciwon baya da na ƙugu, ta kuma ambaci ɗamarar tallafe ciki. Yawancin wannan ana iya yi a tsakar gida. Ta riƙa ɗan takawa da sanyin safiya ko bayan la'asar, ba cikin ranar Maris da Afirilu ba. Ta kwanta ta gefe, matashi tsakanin gwiwoyi. A ɗaura mata gyale a ƙugu, ƙasa da ciki, ba da tamkewa ba. A yi mata tausa da man kaɗe a baya da ƙafa, a bar cikin, kuma ruwan gashi ya zama mai ɗumi kawai. In sharaɓa ta ɗaure, ta miƙe ƙafar ta jawo yatsun wajen ƙwauri. In ruku'u ya gagara, addini ya ba ta damar yin salla a zaune.

Amma duk wannan banza ne in da asuba za ta sunkuya da guntuwar tsintsiya, da goyo a baya, jarka na jiran ta. Don haka, ɗan'uwa, kafin ka hau mota ka biya mai ga-ruwa kuɗin kwanakin tafiyarka. Ka kai hatsi inji. Ka shiga wurin maƙwabcinka ka roƙi uwargidansa ta riƙa leƙowa, Bahaushiya ce ko Bafulatana. Kunya kan hana mai cikin fari faɗa wa miji, amma za ta faɗa wa mace 'yar'uwarta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ka kuma bar kuɗin awo a hannunta. Tun 2015 aka kawo shirin Chèque Santé arewacin Kamaru, inda sefa 6,000 ke ɗaukar awo da haihuwa a asibitocin da ke cikin shirin. Ka je da kanka ka tambaya.

Akwai ciwon da ba na tausa ba. In an ga jini ko ruwa, ko ciwon mara mai zuwa yana tafiya tun lokaci bai yi ba, ko zazzaɓi da zafin fitsari, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, to a nufi asibiti nan take. Ka faɗa wa mutanen gida tun yanzu cewa ka ba da izini, kada a zauna jiran wayarka ta shiga.

Allah Ya sauke su lafiya. Sai mako mai zuwa.